Raket Shida da Na Jera Daga Dama

Jiya bayan la'asar, a ƙofar masallacinmu na unguwar Tremont a nan Amurka, na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, mai askin nan da ya yi kama da an fara aka fasa, yana gaya wa 'yan uwansa wai aikin Baba Sabo ba aiki ba ne. Wai inji ne ke jan tsirkiya, tsoho tsayawa kawai yake yana danna maɓalli yana shan shayi. Shayin kam gaskiya ne, ina sha. Sauran kuwa sai ku gyara zama, don shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina ɗaura wa raket ɗin wasan tanis tsirkiya a wani shago a Queens, kuma har gobe in na yi sakaci aikin nan zai kunyata ni.

Abin da ya jawo ni cikin sana'ar ba ma raket ba ne, hannun jaka ne. Lokacin ina kasa jakunkunan mata a bakin titi a Canal Street, ido ɗaya kan kaya, ɗaya kan kwanar da 'yan sanda ke ɓullowa. Wata mata ta ɗaga jaka tana jujjuyawa, hannun ya tsinke, ta ajiye ta yi gaba kamar ba ita ba. Ni kuwa ɗan dukawa ne, a Kano na tashi cikin fata, basilla ba ta barin aljihuna. Na zauna a kan kwali na ɗinke shi. Ina ɗagowa sai ga wani gajeren Ba'indiye mai tumbi ya tsura wa yatsuna ido. Na ɗauka ciniki ne ya zo, har na fara kuranta jakar. Ya ce shi ba jaka yake so ba, hannun da ya ɗinke ta yake so. Sunansa Gopal, yana da shagon kayan wasanni, mai ɗaura masa tsirkiya ya tsere Florida. A lokacin ban san mene ne tanis ba, amma na san sanyin Janairu a bakin titi, sai na bi shi.

Raket ɗin farko ya ci mini awa biyu da rabi. Ana kafa shi a inji a matse shi ta wuri shida, don in bai kafu ba kana ja kan zai karkace. Sai ka fara da tsirkiyoyin tsaye, daga tsakiya, ɗaya nan ɗaya can. Inji ya ja, kai ka damƙe da kilam, wato haƙoran ƙarfen da ke riƙe ta kafin ka ja ta gaba. Sannan na kwance, su ne saƙar: sama, ƙasa, sama, ƙasa, irin ta tabarma. Na gama na miƙa wa Maigida Gopal ina ta washe baki. Ya bi saƙar da ɗan yatsa, ya tsaya daidai inda na bi ta ƙasa sau biyu a jere. Ya ɗauki almakashi ya datse duka, ƙas, ƙas, ƙas, ya miƙo mini. Wata shida ban taɓa raket ɗin babba ba, sai na yara, waɗanda rabin lokaci kan ƙannensu suke bugawa da shi.

Kayan aikina ba su da yawa: basilla, awartaki mai dogon baki, abin datsa, da guntun kakin zuma. Injin da kuke magana ja kawai ya iya. Bai san ƙulli ba. Tsirkiyar ƙarshe hannu ke ƙulle ta, in ka ja da ƙarfi ta tsinke ka koma farko, in ka lallaɓa ta zame ta saki 'yan uwanta. Bai kuma san hanji ba. Eh, hanji na ce. Tsirkiyar da ta fi kowace daraja da hanjin saniya ake yin ta. Ranar da na ji haka sai da na nemi wuri na zauna don dariya, abin da muke yankawa a farfesu shi Turawa ke sawa a kwali mai ƙyalli. Maigida Gopal ba ya cin naman sa, ko kusa. Sayarwa dai yana sayarwa, amma in an kawo kwalin sai ya nuna da haɓa ya ce, Saboji, haka yake kirana, kwashe kayanku. Hanji ba ya son ruwa, ba ya son kaifi. A wuyan raket, inda yake lanƙwasa, ana cusa 'yan guntayen fata don kada gefen ya yanke shi. Wasu kowace fata suka samu sawa suke. Ni jar fatar akuya nake sawa, ta gida, ƙanena ke aiko mini daga Kano. Duk raket ɗin da kuka ga ja a wuyansa, ta hannuna ya bi.

Akwai wani likitan haƙori da ke zuwa duk ranar Litinin ɗin da aka lallasa shi a ƙarshen mako. Bai taɓa faɗuwa don bai iya ba, kullum tsirkiya ce. Tun ina datsewa ina sakewa har na gane ciwon. Sai in karɓi raket ɗin da ladabi, in shiga baya, in sha shayi kofi ɗaya, in goge shi da tsumma, in fito da shi. Ban karɓar masa ko sisi a kan haka. Mako na zagayowa zai shigo yana cewa yanzu ne ya dawo daidai. Irinsu ne rabin masu zuwa shagon.

Amma abin da nake so ku ji a watan Yuni yake. Babbar gasar nan da ake yi a kan ciyawa a Landan, kafin a buɗe ta akwai zagayen share fage. Waɗanda matsayinsu bai kai a kira su kai tsaye ba su ke fafatawa a nan. Sai mutum ya ci wasa uku a jere, Litinin, Laraba, Alhamis, kafin a buɗe masa ƙofa. In ya faɗi ɗaya, ya haɗa jakarsa. 'Yan wasan Indiya galibi a wannan ƙofar suke cirko-cirko. Maigida Gopal da abokansa dattawa, masu kantin magani, direbobin tasi, da wani akanta mai ritaya, bin su suke kamar su suka haife su. Wasan sha ɗaya na safe a Landan shida ne a nan. Sai in yi asuba, in hau jirgin ƙasa biyu, in tarar da su sun kewaye waya ɗaya da fulas ɗin shayi mai citta. Sau da yawa ko hoto babu, filayen can gefe ba a haska su, lamba ce kawai ke canzawa. Haka ake ƙirga makin tanis: sha biyar. Talatin. Arba'in. Dattawa masu jikoki suna zagin lamba. Akanta, wanda bai taɓa riƙe raket ba a rayuwarsa, daga lambar nan yake gano cewa yaron bai durƙusa sosai ba. Da fari dariya nake musu. Ban san lokacin da na fara zuwa da kujerata ba.

A cikin 'yan wasan nan akwai namu na gida, Harish. Dogo ne siriri, ɗan kudancin Indiya, karatu ya kawo shi Amurka, yana zaune gidan yayarsa a Queens in ba ya yawon gasa. Ranar da ya fara karɓar aikina, ya buga tsirkiyar a tafin hannu, ya kai kunne ya saurara, ya tambayi wa ya yi. Tun daga ranar babu hannun da ya yarda da shi sai nawa. Ankul Sabo yake ce mini. Ga camfi kamar tsohuwa: ba ya taka layi, safar hagu yake fara sawa, kuma ya yi imani in baƙon hannu ya taɓa masa raket wasan ya lalace. Sau huɗu yana zuwa share fagen ciyawa, sau huɗu yana dawowa da jakarsa.

Sai shekarar korona ta zo ta kwashe komai. Aka rufe shago, aka cire ragar filayen unguwa aka sa sarƙa a ƙofa, ita kanta gasar ciyawar ba a yi ta ba. Na ɗauko injina na hau da shi hawa na huɗu a nan Tremont, ina tunanin wani zai kawo aiki. Ba wanda ya kawo. Matata ta mayar da shi wurin shanya. Da furfurata na hau keke ina kai wa mutane abinci, yatsun da ke jin bambancin fam ɗaya a ƙarfin jan tsirkiya suka koma danna ƙararrawar ƙofa. Da aka buɗe shago, biyu daga cikin dattawan shayi ba su dawo ba, har da akanta. Harish kuma kafaɗa ta tasa shi a gaba, ya koma New Jersey yana koya wa 'ya'yan masu hali yadda ake riƙe raket. Kowa ya ce tasa ta ƙare.

Ashe da saura. Ya lallaɓa ya lallaɓa, yana da shekara talatin da biyu sunansa ya sake fitowa a jerin share fage, can ƙasa kusa da wutsiya. Ya zo shago ya faɗa mana a fili cewa wannan ne na ƙarshe. Matarsa na da ciki, aikin koci na jiransa, ko ya shiga ko bai shiga ba daga wannan ya ajiye. Abu ɗaya yake so, ya buga wasa ɗaya a cikin babbar gasar kafin ya tsufa yana ba da labarin ƙofa.

To ga inda aikin yake. Tsirkiya tun daga sa'ar da ta sauka daga inji take saki, ko an buga ko ba a buga ba. A can akwai masu ɗaurawa, ƙwararru, tanti guda, amma Harish ba zai kai musu ba. Don haka muka daɗe da yin dabararmu. Raket shida, duka in ɗaura su ranar Juma'a da safe, shi ya tashi da yamma. Biyun Litinin in ja su fam hamsin da biyu. Biyun Laraba in ƙara biyu. Biyun Alhamis in ƙara uku ko huɗu, gwargwadon yadda na ji hanjin. Kowanne sai ya saki ya iso daidai ranarsa, kamar ayabar da aka sayo ɗanya. A sa kowanne a leda, a manna masa lamba, ɗaya zuwa shida. Shi dai nasa ya bi lamba.

Ranar Juma'ar na fara bakwai na safe. Hanji ɗaya ya tsinke mini a ƙulli na koma farko, ban gama ba sai da lokacin huɗuba ya gabato, ga masallacin da nisa. Na jera su a kan kanta yadda na saba, daga dama. Ni a allo na fara karatu, hannuna daga dama yake fara komai, takalmi ne, kwano ne, raket ne. Shekara ashirin ba wanda ya lura, don ni ke rubuta lambar da kaina. Ran nan sai na ce da Maigida suna nan a jere, ya manna lamba kawai, na ja hulata na fita. Kafin in dawo mijin yayar Harish ya zo ya kwashe su.

Litinin ya ci, amma da ƙyar, sai da aka kai set na uku, wato turmi na ƙarshe. Dattawa suna ta tafi suna raba biskit. Can sai saƙonsa ya shigo wayata: na ci Ankul, amma raket ɗin kamar katako, ƙwallo ba ta tafiya, ina jin sanyin garin ne. Na karanta sau biyu. Aikina ba ya zama katako a kwana uku, ko a firji aka sa shi. Na ja Maigida gefe na tambaye shi ta wane ɓangare ya fara manna lamba. Ya dube ni kamar na tambaye shi ina hancinsa yake. Ya ce daga hagu mana, daga ina ake fara ƙirge?

Nan na gano ɓarnar. Wato yaro ya buga Litinin da raket ɗin Alhamis. Na Laraba suna tsakiya, ta ko'ina ka ƙirgo su ne, babu matsala. Amma ranar Alhamis, wasan da zai buɗe ƙofa ko ya rufe ta har abada, wanda ake iya kai wa set biyar, abin da zai zaro daga leda na Litinin ne, sun kwana shida suna saki. A kan ciyawa ƙwallo ƙasa-ƙasa take zuwa da sauri, sakakkiyar tsirkiya kuwa cilla ta take yi. Taƙi ɗaya bayan layi ya isa.

Maigida ya ce mu yi shiru. Ya ce kan yaron nan ba ya ɗaukar irin wannan labari, in ya ji an taɓa lissafinsa ya faɗi tun kafin ya shiga fili. Ya ce ai da raket ɗin da ba nasa ba ya ci Litinin. In kuma ya faɗi Alhamis wa zai sani, tunda faɗuwa ranar Alhamis ba baƙon abu ba ne a wurinsu? Ga sunan shago. Zan faɗa muku gaskiya, maganar ta yi mini daɗi. Kwana biyu ina riƙe da ita. Ina gaya wa kaina don kada in rikita shi kafin wasan Laraba ne, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Tsoro nake ji. Tsoron a ce Baba Sabo ya yi shirme. Da wani tsoron da ya fi wannan ban kunya: in ya kai wa wani hannu kuma abin ya yi kyau, to ni mene ne amfanina duk shekarun nan?

Laraba ya ci, set biyu sumul. Misalin tara na safe a nan. Na bar dattawa suna rawar da ba ta dace da shekarunsu ba, na shiga baya wurin inji na kira shi. Ya ɗauka yana haki yana dariya.

Na ce, "Harish, biyun da suka rage maka na Litinin ne. Ni na jera daga dama, aka sa lamba daga hagu. Laifina ne. Ka kai tantin nan yanzu a ɗaura maka sababbi."

Dariyarsa ta ɗauke. Sannan ya ce, "Ankul, shekara tara babu wanda ya taɓa mini raket sai kai."

"Na sani. Gobe ba hannuna kake bukata ba, tsirkiya mai rai kake bukata. Ka ce musu hamsin da ɗaya, hanji a tsaye."

Ya kashe wayar ba sallama. Ban san ko zai kai ko ba zai kai ba. Maigida ya yini bai yi mini magana ba, sai da haɓa.

Alhamis ba hoto, lamba ce kawai, kusan awa huɗu. Ya ci set na farko, aka ci shi biyu, ya rama na huɗu. Shayi ya ƙare aka sake dafawa. Wani mai son sayen takalmin gudu ya shigo, ba wanda ya ɗaga kai, ya gaji ya fita. A wasan ƙarshe lamba ta tsaya a arba'in da talatin, namu ne a gaba, ta ƙi motsi. Mai kantin magani ya girgiza wayar, direban tasi ya ce a kashe a kunna, aka kusa dambe. Sai kawai sunan Harish ya yi kauri, 'yar alamar nasara ta fito a gefensa. Maigida ya rungume ni har tumbinsa ya danne mini numfashi. Na yi murna, wallahi na yi. Kuma na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Daga baya na ji huɗun da ya riga ya buga ya kai tantin, wata Baturiya ta ɗaura su, kowanne cikin minti goma sha biyar tana hira. Biyun nawa ya bar su a leda.

Bai kira ni ba. Juma'a, Asabar, Lahadi, shiru. Na ce shi ke nan, ya gano duniya cike take da hannaye.

Litinin aka haɗa shi da wani ƙato daga cikin manyan gasar, a filin da ake haskawa. Muka ɗora talabijin a kan kanta. Karon farko ke nan da dattawan nan suka ga mutum maimakon lamba, kuma sun ga abin da ba su so ba. Yaronmu ya sha kashi. Set biyu suka tafi kafin shayi ya huce, na uku biyar da babu. Suka zauna hutun canjin gefe. Sai na ga ya ajiye raket ɗin hannunsa, ya buɗe jaka, ya zaro wani a cikin leda. Ya yage ledar da haƙori. Mai ɗaukar hoto ya matso da kyamara kan hannunsa, ga lamba shida da rubutun Maigida, ga jar fatar akuya a wuya.

Kwana goma tsirkiyar nan tana saki, kuma ya fi kowa sani. Ya tashi da shi ya yi sabis, wato shi ke fara bugo ƙwallo. Ƙwallonsa ta farko ta wuce layi da kamu guda. Ya samu maki ɗaya, shi ma ƙaton ne ya buga raga. Sauran ukun duk waje suka tafi, ta ƙarshe har sai da wata mata mai faffaɗar hula a cikin 'yan kallo ta sunkuya. Minti huɗu aka yi, wasa ya ƙare. Maigida ya share ido da bayan hannu ya ce, Saboji, wallahi aikinka ba kyau.

Bayan mako biyu Harish ya shigo shago, ya ɗora raket ɗin a kan kanta, ta hannun dama. Ya ce bai taɓa bugawa da mummunan raket irin wannan ba a rayuwarsa, kuma ba zai karɓi wani a madadinsa ba, in rataye shi inda zan riƙa gani. Yanzu koci ne, 'yarsa ta fara tafiya, ɗalibansa duk wurina yake turo su.

Har yau daga dama nake jerawa, wannan ba zai canza ba sai an kai ni makwanci. Lamba dai da hannuna nake rubutawa, ko da liman ya hau mumbari. Shi kuma mai askin nan, in har yanzu yana ganin inji ke yi, ya same ni ranar Asabar ƙarfe tara. Zan ba shi raket ɗin yara, almakashin Maigida ma yana nan da kaifinsa. Amma na jikin bango mai lamba shida kada ya kuskura ya taɓa. Tsirkiyarsa ta mutu tuntuni, kuma a duk abin da hannun nan ya ɗaura, shi kaɗai ne ya shiga ta ƙofar.